Gashin da Ke Cikin Jirgin Baba

Shafi na 17

Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce in ban sa shafin nan yau ba za ta daina gaishe ni. Ku yi haƙuri. Wannan ne ya fi ba ni wuyar rubutawa.

*

Tun da muka kwance daga matsayar jirage ta Yashio magana ɗaya nake juyawa a bakina: kada a sayar da jirgin Baba.

Tun jiya na shirya ta. Na faɗa wa madubi, na faɗa wa kujerar mota. Ga shi mun ci rabin kogin Naka, Urayasu na ƙara matsowa inda mai saye ke jiranmu, ni kuwa ban faɗa wa mutum ko ɗaya ba.

Yaya Shigeto ne a sitiyari. Na matsa kusa da shi.

"Yaya."

"Mm."

"Jirgin nan, ina ganin da za a..."

"Ɗaga murya, injin ba ya bari a ji."

Na ja numfashi. Daidai nan muka shiga ƙarƙashin gadar dogo, jirgin ƙasa ya bi ta kanmu da rugugi. Kafin ya gama wucewa wayar Yaya ta yi ƙara.

"Kuramochi-san, e, muna hanya. A'a, a'a, mu ne da godiya."

Mai sayen jirgin ne. Yaya yana magana yana rusuna wa wayar, hannu ɗaya a sitiyari, har jirgin ya fara karkata wajen masu kamun kifi da ke zaune a bakin gaɓa. Wani tsoho ya ɗage sandarsa yana harararmu.

Na koma na zauna.

Baffa Genzo, yayan Baba, yana can baya a kan akwatin ƙanƙara yana cin dunƙulen shinkafa.

"Me kika ce masa, 'yar jami'a?"

"Ba komai, Baffa."

"Na ga alama. Haka ubanki yake. Ranar da aka je neman auren uwarki ni na yi maganar, shi yana kallon tabarma. Da ban bi shi ba da har yau yana can a durƙushe."

"Yaya Genzo, ka ci abincinka," in ji Mama.

Tana zaune a bakin ƙofar ɗakin jirgi, ta toshe hanci da tawul. Mama ko daga kan gada ta kalli ruwa sai jiri ya ɗebe ta. Tun ranar da aka fara sa jirgin nan a ruwa, ina 'yar ƙarama, ba ta ƙara taka shi ba. Yau kuwa, shekara guda da rasuwar Baba, ita ta fara shiga. Ta ce tana so ta gani da idonta an rabu da shi.

Muka ci gaba a hankali, don a nan ba a gudu, igiyar ruwa tana jijjiga jiragen da ke ɗaure a gefe. Baba har kashe wuta yake yi idan zai wuce su. Yaya bai san wannan ba. Na ga jiragen mutane suna ta bugun juna a bayanmu, na kawar da kai.

Da muka iso ƙofar ruwan da ake bi a shiga tsohon kogin Edo, fitilar ja ce. Wani jirgin yashi ne ke tahowa daga can, sai ya fito za a ba mu hanya. Yaya ya rage wuta. Karo na farko ke nan tun safe da ake iya jin maganar mutum ba sai ya ɗaga murya ba.

Na buɗe baki.

"Tunda an tsaya, a ciro shi yanzu," in ji Mama.

Yaya ya waiwayo. "A ciro me?"

"Funadama."

"Haba Mama. Jirgin roba ne fa na kamfani, ba kwale-kwalen kakanmu ba."

"Gashina ne a ciki. Ba zan bar wani baƙo ya yi ta yawo da gashina a teku ba."

Baba ɗan masuntan Urayasu ne. Ya yi aikin ofis duk rayuwarsa, amma ranar da ya sayi jirgi sai da ya nemo wani tsohon masassaƙi ya sa masa funadama, ruhin da ke tsare jirgi, a wani ɗan gurbi ƙarƙashin sitiyari. Matar mai jirgi ce ke ba da gashinta a sa a ciki. Kuma ba a miƙa wa baƙo jirgi da shi, sai an ciro.

Baffa Genzo ya ajiye sauran shinkafarsa. Abin da ban taɓa gani ya yi ba ke nan.

"Fumie," ya ce wa Mama, "a bari mana sai mun isa. A kan ƙasa ake irin wannan."

"Wa ya ce?"

"Haka na ji manya suna yi."

"A cikin ruwa aka sa shi, ina tsaye ina amai. A cikin ruwa za a cire."

"Ban zo da giyar shinkafa ba, ba a buɗewa sai an zuba."

Mama ta zuge jakarta ta fito da ƙaramar kwalba ta ajiye a gabansa.

"Ba ni da sukuddireba."

"Yana aljihun kujera, Baffa," na ce.

Ya dube ni wani irin kallo. "Yau kuma aka ji muryarki. Sannu."

Ya tashi yana dafa gwiwa. Ya zuba giyar kaɗan a goshin jirgi, kaɗan a dama, kaɗan a hagu. Ya tafa hannu, ya sunkuyar da kai, muka sunkuyar tare da shi, har da Yaya da ke satar kallon fitila. Sannan ya durƙusa ya kwance murfin. Ya daɗe yana kwancewa, kamar wanda ake biya da awa.

Ɗan akwatin katako ne, bai kai tafin hannuna ba.

Mama ta shimfiɗa tawul ɗinta a cinya ta buɗe shi a kai. 'Yan tsana biyu na takarda, mace da namiji. 'Yan ludo biyu na katako. Tsabobin kuɗi da suka yi kore. Sai wani ɗan ƙunshi na farar takarda.

"Gashina har gadon bayana yake a lokacin," in ji Mama tana warwarewa. "Ubanku ya tsaya da almakashi ya kasa. Ni na karɓa na yanke da kaina."

Ta buɗe takardar.

Gashin shuɗi ne.

Jirgin yashi yana ta tahowa, ruwa na bugun gefenmu.

Yaya ne ya fara juyowa ya kalle ni. Sai Mama.

Ina aji biyu a jami'a na rina ƙasan gashina shuɗi. Ƙasan kawai, na baya, inda baƙin ke rufewa. Sai na ɗaure shi sama ake gani, ni kuwa ban cika ɗaurewa ba. Shi ne ƙarfin hali ɗaya da na taɓa yi a rayuwata, kuma a gidanmu ba wanda ya ce min ya yi kyau, ba wanda ya ce ya yi muni. Da lokacin neman aiki ya zo, kowa na sa baƙar kwat da baƙin gashi, na shiga banɗaki na datse shi da kaina, na naɗe a jarida na jefa a kwandon shara.

Baba ne mai fitar da shara a gidanmu.

"Ban sani ba," na ce. "Mama, ban san komai ba."

Ba ta ko kalle ni ba. Ta kife akwatin a kan tawul ta girgiza. Ta sa yatsa ta lalubi kusurwoyinsa. Ta ɗaga 'yan tsanan ta duba ƙarƙashinsu.

"Yaya Genzo."

"Na'am."

"Ina nawa?"

Baffa ya shafa ƙeya. "To, Fumie..."

"Ka sani ke nan."

"Tocila kawai na riƙe masa."

"Yaushe?"

"Shekarar da yarinyar nan ta gama makaranta. Ko kafin nan da kaɗan."

"Ina ya kai nawa?"

"Na ga ya sa a aljihun riga."

"Daga nan fa?"

"Daga nan muka je muka ci taliya."

"Ba ka tambaye shi ba?"

"Bai faɗa ba, ban tambaya ba. Kin san mijinki."

"A'a," in ji Mama. "Da alama kai ka san shi."

Fitila ta koma kore. Wani jirgi a bayanmu ya danna oda. Yaya ya zabura ya sa giya, muka shige ƙarƙashin ƙofar, ruwa na ɗigo mana daga ƙarfenta. Ɗigo ɗaya ya faɗa a kan takardar da ke cinyar Mama. Ba ta goge ba.

"Duk Lahadi," ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Duk Lahadin duniya na tashi da asuba in dafa masa shinkafa in dunƙula. Ya tafi, in wuni da bango. In na yi magana sai ya ce, ai ke ma kina cikin jirgin. Maganarsa ke nan ɗaya. Da ita na yi ta haƙuri. Ashe an daɗe da sauke ni, ina nan ina dunƙula shinkafa."

"Mama, gashi ne fa kawai," in ji Yaya.

"Ka tuƙa jirginka."

"Wataƙila naki ya ruɓe ne, ya canza."

"Gashi ba ya ruɓewa, wawa," in ji Baffa. "Me aka koya maka a makaranta?"

Ni kuwa haushi ne ya turnuƙe ni, kuma ba na kowa ba ne sai na Baba.

Shekaru ina bin sa kogin nan. Bai taɓa cewa zo mu je ba. Rigar ruwata ta hana nutsewa kawai zan tarar ya rataye a ƙofar ɗakina ranar Asabar. Mu taso daga Yashio, mu sha shayi a wata matsaya, mu sayi mai a wata, mu juyo. Wuni guda maganarmu ba ta wuce "zafi yau" da "e, da zafi". Bai taɓa ba ni sitiyari ba. Bai taɓa cewa je ki yi lasisi ba. A asibiti na zauna a gefensa har ƙarshe, abin da ya ce min shi ne in tuna ranar fitar da sharar kwalabe.

Amma ya iya tsugunawa ya tone kwandon shara.

Me zai hana ya buɗe baki? Me zai hana ya ce Chizuru, jirgin nan naki ne? Ko ya ce ba naki ba ne, in huta? Ya bar min gashi a akwati, ya ɓata wa Mama rai, ya tafi abinsa, ni ce zan zauna ina fassara.

Na ji maganar ta fito kafin in shirya ta.

"Kada a sayar."

Yaya ya ce, "Me?"

"Na ce kada a sayar da jirgin."

Mama ta ɗago a hankali. "Yanzu kika samu baki?"

"Tun safe nake so in faɗa."

"Tun safe. Ba tun da yayanki ya sa talla ba. Ba ranar da mai sayen ya zo gida ba, kina nan kina zuba masa shayi. Sai yanzu da kika ga gashinki."

"Ba saboda shi ba ne."

"To saboda me?"

Duk abin da na faɗa wa madubi ya gudu.

Yaya ya yi wata 'yar dariya. "Chizuru, kina da lasisi?"

"Zan yi."

"Ke da ko mai kawo abinci ba kya iya kira a shago sai na ɗaga miki hannu? Wa zai je ya kankare ƙasan jirgi da sanyi? Wa zai kwana a matsaya yana ƙara ɗauri in an ce guguwa na tafe? Bara ni na yi, kina gida."

"Ba ka ce in zo ba."

"Ke kin ce za ki zo?"

"Gidan kurame," in ji Baffa yana kallon ruwa. "Kowa na jiran ɗan'uwansa ya yi mafarki."

"Baffa, don girmanka ka bari." Yaya ya juyo gare ni. "Na riga na ba mutum magana. Ya zo har gida, ya rusuna wa hoton Baba, ya kunna turare. Ya kawo kwalin alewar wake, mun karɓa, mun cinye. Ke kika ci na ƙarshe. Da wane ido zan ce masa mun fasa?"

"Ni zan faɗa masa."

"Ke?"

"E."

"Zai ɗauka sauro ne ke wucewa."

"Shigeto," in ji Baffa, "ka bar yarinya. Ubanta da hannunsa ya sa ta a jirgin nan. Ni ban san me yake nufi ba, amma ba da wasa ake taɓa abin nan ba."

"To da ya rubuta mana. Da ya faɗa. Ni ma ɗansa ne, Baffa. Ni na yi lasisi saboda shi. Shi ya sa na yi ta zuwa makarantar tuƙi da zafi. Sau nawa ya kira ni muka fita?"

Baffa ya rufe akwatin ƙanƙara ya koma ya zauna a kai.

"Ka gani," in ji Yaya. Ya juya ya fuskanci gaba. Kunnuwansa sun yi ja.

Ban taɓa tunanin abin ya dame shi ba. Na ɗauka ba ya son kogi ne. Na so in ce masa wani abu, amma na san in na sassauta yanzu shi ke nan.

Kogin ya buɗe. Ƙamshin gishiri ya fara shigowa. Ga gidajen Urayasu a hagu, ga jiragen haya na masu kamun kifi jere a gindin bango. A nan Baba yakan cire hula idan muna wucewa, ta saitin inda gidan kakanmu yake kafin a cike wurin da ƙasa. Baffa ya cire tasa. Yaya bai rage wuta ba.

Mama ta mayar da 'yan tsanan cikin akwati. Ta mayar da 'yan ludo da tsabobi. Ta naɗe gashin a takardarsa yadda ta same shi, ta miƙo min.

"Karɓi kayanki."

"Mama..."

"Karɓi mana. Ai ke ce matar jirgi."

Na karɓa.

"Ki saurare ni, Chizuru. Ban taɓa hana ki komai ba. Da kika rina kai na gani, na yi shiru. Da kika riƙa bin sa kuna bari na ni kaɗai, na yi shiru. Amma jirgin nan in ya kwana da sunanmu yau, ni ba zan kwana a gidan can ba. Zan tafi Mito wajen ƙanwata. Ki zauna ke da shi da hoton ubanki, ku yi ta kallon juna. Dama kun saba."

"Fumie, abin bai kai nan ba," in ji Baffa.

"Kai ka riƙe tocila. Ka gama naka."

Ta mayar da tawul hancinta ta juya mana baya.

Na tsaya da 'yar takarda a hannu, ban san inda zan sa ta ba. Na cusa a aljihun rigar ruwa.

Matsayar Urayasu ta bayyana. Sandunan jirage tsaye kamar daji. A ƙarshen dandamalin katako ga Kuramochi-san da farar hula sabuwa, da matarsa a gefe riƙe da leda. Tun daga nesa ya fara rusunawa. Mutumin kirki ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da mugu ne da na san yadda zan yi.

"Chizuru, je ki gaba," in ji Yaya. "Ruwa na janyewa, sau ɗaya zan iya matsawa. In na ce jefa, ki jefa."

Ƙafafuna suka kai ni goshin jirgi da kansu. Na ɗauki igiya, na naɗa a hannun hagu, na riƙe bakinta a dama.

Yaya ya kashe gudu. Jirgin ya fara shiga a karkace.

"Sannunku da hanya," in ji Kuramochi-san, ya miƙo hannu biyu. "Miƙo nan, 'yan mata, zan kama."

"Jefa," in ji Yaya.

Na kalli hannuwan mutumin.

"Chizuru, jefa."

Ruwa ya fara jan goshin jirgi waje. Tazarar da ke tsakaninmu da katako ta kai taku, ta wuce taku. Kuramochi-san ya matso har bakin dandamali, murmushinsa na nan amma ya fara kallon Yaya.

"Ke kurma ce? Za mu bugi jirgin mutane!" in ji Yaya.

"Ba zan jefa ba."

A karon nan kowa ya ji. Matar Kuramochi-san ta sauke ledarta ƙasa.

Na ji motsi a bayana. Mama ce. Matar da ko kallon ruwa ba ta iya yi ta taho ta gefen jirgi, tana dafa ƙarfe, fuskarta fara fat. Baffa ya miƙa hannu zai tare ta, ta ture shi. Ta zo ta tsaya a gabana, jirgi na lilo da mu duka.

Ta buɗe tafin hannunta.

"Ba ni igiyar."

Na mayar da igiyar bayana.